Shuɗin hayaƙin safe: Abin da ya kamata a bincika kafin a sauke injin motar da ke shan baƙin mai a Adar

Daga Tahoua

Duk wanda ya taɓa yin sammako zuwa tashar mota a birnin Tahoua lokacin hunturu ya san yadda abin yake. Direba zai murɗa makulli, inji ya yi tari sau biyu ya kama, sai wani hayaƙi mai shuɗi-shuɗi ya turnuƙe bayan motar, fasinjojin da ke jiran a ɗaure kayansu su ja rawani su rufe hanci. Bayan minti ɗaya ko biyu hayaƙin ya ɗauke kamar ba a yi ba. Kafin a kama hanyar Takanamat ko Afala, yaron mota ya ɗaga murfin inji ya tsiyaya rabin kwalbar baƙin mai, ya tura sauran a ƙarƙashin kujera.

A haka mota za ta yi watanni, rabin kwalba ya koma kwalba guda, har ranar da za a ɗauki waya a kira mai motar. Sau da yawa mai motar ba ya ƙasar. Adar yanki ne da ya yi suna wajen tafiya bida, kuma ba abin mamaki ba ne motar da ke jigilar mutane da buhunan hatsi zuwa kasuwannin ƙauye ta kasance gumin wani ne da ke Abidjan, ko Libiya, ko Legas. Saƙon da zai samu gajere ne: inji ya gaji, yana shan mai, sai an sauke shi ko an sayi wani, a turo kuɗi.

Wani lokaci gaskiya ne injin ya gaji. Amma a lokuta da dama abin da ya lalace wata 'yar roba ce da ba ta fi kan ɗan yatsa girma ba, wadda a injuna da yawa ana iya canza ta ba tare da an ɗaga inji daga mazauninsa ba. Bambancin kuɗin da ke tsakanin gyaran biyu babba ne, kuma akwai hanyoyin gane wanne ne kafin a kwance ko da noti ɗaya.

Motocin da suka tsufa kafin su iso

Mafi yawan motocin da ke yawo a jihar Tahoua sun riga sun yi rayuwa guda a wata ƙasa. Wani rahoto da Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a watan Oktoban 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 ƙasashen Tarayyar Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14, kuma kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufo. Binciken da hukumomin ƙasar Holan suka yi a kan motocin da ke barin ƙasarsu zuwa Afirka ya gano cewa akasarinsu sun kai shekara 16 zuwa 20.

Lambar kilomitar da ke gaban direba ma ba kullum take faɗin gaskiya ba. A 2018 Majalisar Dokokin Turai ta yi ƙiyasin cewa kashi 30 zuwa 50 cikin 100 na motocin hannu da ake sayarwa daga wata ƙasar Turai zuwa wata an mayar da lambarsu baya. Ke nan motar da ta iso Tahoua tana nuna kilomita 150,000 tana iya kasancewa ta wuce haka nesa ba kusa ba.

Shekara da shekaru tashar jiragen ruwa ta Kwatano ce babbar ƙofar waɗannan motoci da kayan gyaransu, shi ya sa ma Bahaushe ke kiran motar hannu da sunan birnin. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an rufe iyakar Nijar da Benin, kaya da yawa suka koma bin doguwar hanyar Lome ta cikin Burkina Faso. Wannan ya sa maganar “a sayo wani inji” ta ƙara nauyi a aljihu. Shi ma injin da za a sayo ɗin na hannu ne, babu wanda ya san tafiyar da ya yi.

Ta ina man ke bi?

A saman kowane inji akwai wasu ƙarafa masu kama da ƙusa mai faɗin kai, waɗanda kanikawa ke kira bawul, waɗanda suka koyi aiki da Faransanci kuma su ce supap. Aikinsu buɗe ƙofa iska ta shiga ɗakin da wuta ke tashi, da buɗe wata ƙofar hayaƙi ya fita. Sandar kowane bawul tana kai-komo ne a cikin wani siririn bututun ƙarfe, kamar wuƙa a cikin kube. Saman wannan kube yana wurin da baƙin mai ke fantsama, ƙasansa kuma yana kallon hanyar iska ko ta hayaƙi.

A bakin kuben ne ake ɗora 'yar robar, wadda wasu ke kira sil. Ba aikinta ba ne ta hana mai wucewa kwata-kwata, domin sandar na buƙatar ɗan maiƙo kada ta ci ƙarfe. Aikinta ta bar ɗan kaɗan ya wuce ta tare saura. Injin Corolla mai silinda 4 da bawul 16 yana da irin wannan roba 16. Injin gas na Land Cruiser da ake kira 1HZ, mai silinda 6, yana da 12.

Robar na shan wahala. Idan inji na juyawa sau 3,000 a minti, kowane bawul na buɗewa ya rufe sau 25 a cikin daƙiƙa ɗaya. Kan bawul ɗin da ke fitar da hayaƙi kuma zafinsa na iya kai digiri 700, wani ɓangare na zafin na hawa ta sandar har inda robar take. Bayan shekaru tana bushewa ta yi tauri kamar tsohon silifas da ya kwana a rana, bakinta ya saki, wani lokaci ta tsage. Daga nan mai ya samu hanya, ya zurara ɗakin wuta, ya ƙone tare da fetur, ya fito ta salansa a matsayin shuɗin hayaƙi.

Akwai hanya ta biyu da mai ke bi, ita ce ta ƙasa. Kowane fistan na da zobban ƙarfe, wato ringi, galibi uku. Biyu na sama suna riƙe matsin wuta, na ukun yana kankare mai daga bangon silinda ya mayar da shi ƙasa. Idan suka cinye ko suka maƙale da dauɗa, mai ya hau sama. Wannan shi ne gyaran da ke buƙatar a buɗe inji sosai.

Roba ko ringi? A lura da lokacin hayaƙi

Dukansu biyu shuɗin hayaƙi suke bayarwa, amma ba a lokaci ɗaya ba, kuma direban da ke lura zai iya taimaka wa bakanike fiye da yadda yake zato.

Idan roba ce, hayaƙin ya fi fitowa a yanayi uku. Na farko da safe bayan mota ta kwana, saboda man da ya taru a saman inji ya ɗiga cikin dare, da an tayar sai ya ƙone gaba ɗaya sannan hayaƙin ya lafa. Na biyu idan mota ta daɗe a tsaye inji na aiki, kamar lokacin jiran fasinja ko a shingen jami'an tsaro, da an taka totur sai ta fesar da hayaƙi sau ɗaya. Na uku bayan gangara, inda direba ya ɗage ƙafa daga totur mota na cikin giya. A wannan hali injin fetur na zuƙo da ƙarfi alhali ƙofar iska a rufe take, sai ya zuƙo mai ta gefen robar. Wanda ke bin hanyoyin da suka ratsa duwatsu da kwaruruwan Adar yana da wurin yin wannan gwaji kyauta: ya sa wani ya biyo shi a babur ya duba salansa a ƙarshen gangara.

Idan ringi ne, hayaƙin ya fi yawa lokacin da inji ke aikin ƙarfi, wato a hawa, ko da kaya, ko a cikin yashi, kuma ba ya ɗaukewa don inji ya yi zafi. Motar na rasa ƙarfi. Idan aka buɗe murfin zuba mai inji na aiki, za a ga hayaƙi na bugowa da ƙarfi kamar tukunya ta tafasa.

A injin gas lissafin ya ɗan bambanta. Yawancin tsofaffin injunan gas ba su da irin wancan zuƙo na injin fetur, don haka robar bawul ba ta cika nuna kanta a gangara ba. Hayaƙin safe mai fari-fari da yaji a ido a Hilux ko Land Cruiser yana iya zama gas ne da bai ƙone sosai ba, saboda sanyi ko matsalar nozul. A nan sandar awon mai ce za ta raba gardama: in mai ba ya raguwa, ba mai ake ƙonawa ba.

Launin hayaƙi ma na da magana. Baƙi yana nufin fetur ko gas ya yi yawa a kan iska, galibi saboda filtar iska ta toshe. Fari mai kauri da ba ya ɗaukewa, tare da raguwar ruwan lagireto, alama ce ta ruwa na shiga ɗakin wuta, abin da ke nuni ga gasket ɗin kan inji.

Waɗanda ake mantawa da su

Kafin a ɗora laifi kan roba ko ringi, akwai abubuwa huɗu masu sauƙin dubawa.

Na ɗaya yoyo. Motar da ke kwana a kan yashi ba ta barin shaida, domin ƙasa na shanye ɗigon. A shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta da dare a duba da safe.

Na biyu wani ɗan bawul da ke kan murfin saman injin fetur, wanda ake kira PCV. Shi ke fitar da tururin da ke taruwa a cikin inji ya mayar da shi hanyar iska. Idan ya toshe, matsi na taruwa ya turo mai ta duk inda ya samu. Idan ya maƙale a buɗe, sai inji ya riƙa zuƙar mai ta cikinsa. A motoci da yawa cire shi aikin 'yan mintuna ne, kuma yana cikin kayan gyara mafi araha.

Na uku turbo, ga motocin da ke da shi. Idan ya fara sakin mai za a ga bututun iska ya jiƙe sharkaf. Wannan ba abin wasa ba ne a injin gas, domin injin na iya komawa cin man nasa ya yi ta gudu ko an zare makulli.

Na huɗu cika mai fiye da ƙima. Direban da ke tsoron kada mai ya ƙare yakan zuba har ya wuce layin sama, kuma wannan kaɗai na iya jawo hayaƙi.

A auna tukuna

“Tana shan mai” ba awo ba ne. Abin da ake buƙata shi ne lita nawa a kilomita nawa.

Hanyar ita ce a tsayar da mota a wuri mai daidai, a kashe inji a jira kamar minti 10, a cika mai zuwa layin sama na sandar awo, a rubuta lambar kilomita. Daga nan duk man da aka ƙara a rubuta shi. A ƙananan motoci da yawa tazarar da ke tsakanin layin ƙasa da na sama kusan lita ɗaya ce. In lambar kilomita ta mutu, a yi amfani da hanyar da aka sani: Tahoua zuwa Yamai kimanin kilomita 550 ne, zuwa da dawowa 1,100, Tahoua zuwa Agadez kuma kimanin 400.

Kowane inji na cin ɗan mai. Littattafan wasu motocin Toyota sun sa iyaka a lita ɗaya cikin kilomita 1,000, sai dai wannan iyakar ƙarshe ce, lafiyayyen inji ba ya kusantar ta. Motar da ke cin rabin lita a kilomita 1,000 ana iya lallaɓa ta tsawon lokaci idan ana duba ta. Wadda ke cin lita a kilomita 500 lissafinta daban ne. A ɗauka tana yin kilomita 100 a rana, kwana 6 a mako. A wata guda ta yi kusan 2,400, ta sha kusan lita 5, fiye da abin da injin ƙaramar mota ke ɗauka a juye guda, wanda bai cika wuce lita 4 ba. Mai irin wannan mota yana biyan kuɗin gyara kowane wata ba tare da an yi gyaran ba.

Bayan awo sai gwajin matsi, wanda kanikawa ke kira kwamfureshan. Ana cire fulogi, wato buji, a ɗaura agogon awo a ramin, a juya inji, a rubuta abin da kowace silinda ta bayar. Bai kamata bambancin da ke tsakaninsu ya wuce kusan kashi 10 cikin 100 ba. Idan wata ta yi ƙasa, a injin fetur ana zuba mata cokalin shayi na mai a sake gwadawa. In lambar ta tashi sosai, ringi ne. Ba a yin wannan zubi a injin gas, saboda man na iya kamawa da wuta.

Robar bawul ba ta da hannu a riƙe matsi. Saboda haka motar da ke hayaƙin safe amma matsinta daidai yake a duk silinda, zargi ya fi karkata ga roba. Akwai togiya guda: zoben da ke kankare mai na iya maƙalewa alhali biyun sama lafiya lau, sai gwaji ya fito da kyau mota kuma na shan mai. An san wasu injuna da wannan hali. Injin 2AZ-FE na Camry ƙirar 2007 zuwa 2009 ya kai ga Toyota ta tsawaita garantinsa a Amurka saboda shan mai ta wajen fistan da ringi, kuma irin waɗannan motoci sun cika kasuwannin Afirka ta Yamma. Haka ma injin 1ZZ-FE na Corolla na farko-farko. A kan irinsu, canza roba kaɗai ba lallai ya magance matsalar ba.

Yadda ake canza robar

Idan bincike ya tsaya kan roba, ba dole ba ne a cire kan inji. Abin da ke riƙe bawul kada ya faɗa cikin silinda shi ne sifirin ɗinsa, kuma sai an cire sifirin ake kaiwa ga robar. Don haka dabarar ita ce a samu abin da zai tallafe bawul daga ƙasa.

Hanya ta farko ita ce iska. Ana ɗaura tiyo daga kwamfuresa a ramin fulogi, matsin iskar ya danne bawul a rufe. Matsalarta ita ce idan wuta ta ɗauke ko tiyo ya fita, bawul na iya zurmawa ciki. Hanya ta biyu ba ta buƙatar lantarki, shi ya sa ta dace da garejin ƙauye. Ana sauke fistan kaɗan, a zura igiya mai laushi kuma mai tsabta ta ramin fulogi a bar jelarta a waje, sannan a juya inji da hannu a hankali har fistan ya danna igiyar a jikin bawul. A gama silinda ɗaya, a zare igiya, a koma ta gaba.

Aikin na son haƙuri. A injunan Toyota da yawa sai an ɗaga kamshaf, kuma idan aka mayar da shi ba a kan saitinsa ba, a wasu injuna fistan na iya dukan bawul. 'Yan ƙananan ƙarafan da ke kulle sifirin suna da saurin tsalle, shi ya sa ake toshe ramukan komawar mai da tsumma. A injuna da dama robar ɓangaren iska da ta ɓangaren hayaƙi ba iri ɗaya ba ne ko da sun yi kama. Kuma aiki ne da bai kamata a yi shi a fili ranar da iska ke kwasar ƙasa ba.

Kafin a sa sabuwar roba, bakanike na gari zai girgiza sandar bawul ya ji. In tana wasa sosai a cikin kubenta, kuben ne ya cinye, kuma sabuwar roba ba za ta daɗe ba. A nan dole a cire kan inji a kai wa masu aikin ƙarfe su canza kuben. Ko a haka ma gyaran bai kai sauke inji gaba ɗaya ba.

Ingancin robar na da muhimmanci. Akwai mai arha da ba ta jure zafi, akwai wadda aka yi da sinadarin da ake kira Viton da ta fi ɗaukar zafi. Tunda wahalar aikin ta fi kuɗin robar, a nan ne maganar araha ba ta ado ta fi dacewa.

Mai mai kauri da maganin kwalba

Dabarar da aka fi sani ita ce a koma mai mai kauri, daga 10W-40 ko 15W-40 zuwa 20W-50. Hakan na rage shan mai kaɗan, kuma tsofaffin injuna irin na Peugeot 504 da Hilux na da suna ɗaukarsa a ƙasa mai zafi. Amma injunan zamani da aka ƙera don 5W-30 suna da ƙananan hanyoyin mai, ga na'urar VVT-i da ke aiki da matsin mai. Mai kauri na jinkirin isa saman irin wannan inji da sanyin safiya, lokacin da ƙarfe ya fi cin ƙarfe. Littafin motar shi ne alƙali.

Akwai kuma man da ake yi don motocin da suka wuce kilomita 120,000, da magungunan kwalba masu alƙawarin tsayar da hayaƙi. Sinadarin da ke cikin wasunsu na ɗan kumbura robar da ta fara bushewa, sai a samu sauƙi na ɗan lokaci. Ba ya ɗinke robar da ta tsage. Wasu kuma kauri kawai suke ƙara wa mai. Mai sayen mota ya san da wannan, domin da shi ake ɓoye hayaƙi ranar ciniki. Duk motar da za a saya a je a gan ta da sassafe, a taɓa inji a tabbatar da sanyi yake, a tsaya a bayanta sannan a tayar.

Abin da ke saurin kashe roba a nan

A Tahoua zafin watan Afrilu da Mayu na wuce digiri 40, mota kuma na tafiya a hankali cikin yashi da kaya fiye da ƙima. Inji ya yi zafi fiye da kima sau ɗaya ko biyu ya isa ya gasa robobin duka. Ruwan rijiya da ake zubawa a lagireto yana barin ƙasa-ƙasa da tsatsa da ke toshe hanyoyinsa a hankali. Wanke lagireto da gyara fanka na daga cikin hanyoyin kare robar bawul, ko da yake ba kowa ke haɗa su ba.

Ƙura ita ce ta biyu. Ƙurar hunturu da ta hanyoyin jar ƙasa, idan ta wuce filtar iska, aikin sanfefa take yi a jikin ringi da sandar bawul. Filtar da aka yi ta bugawa da iskar mai faci har ta huje ba ta tare komai.

Na uku shi ne man kansa. Littattafan motoci na rage tazarar juye ga motar da ke aiki cikin ƙura, galibi zuwa kilomita 5,000. Wasu direbobi na ganin tunda kullum suna ƙara sabo, ba sai sun yi juye ba. Dauɗar na nan a ciki, ita ce ke maƙale ringi. Man da ake sayarwa a kwalabe marasa hatimi kuma babu mai iya tabbatar da asalinsa.

Idan aka ƙyale

Man da ke ƙonewa na barin toka a kan fulogi har silinda ta daina kamawa, yana tara gawayi a ɗakin wuta, yana kuma kashe na'urar tace hayaƙi da ke cikin salansa a motocin da ke da ita. Yaron mota da masu talla a tasha su ke shaƙar abin da ya fito.

Babban haɗarin dai shi ne mai ya ƙare a hanya. Jar fitilar mai ba ta nuna cewa mai ya ragu, tana kunnuwa ne bayan matsinsa ya riga ya faɗi, kuma daga nan zuwa inji ya buga tazarar kaɗan ce. Takanamat na arewa maso yammacin birnin Tahoua, tana iyaka da Tillia ta arewa, kuma gundumomin Tillia da Tassara sun shiga dokar ta-ɓaci tun 2017 saboda matsalar tsaro. Motar da ta mutu a dajin wannan yanki da mata da yara a ciki, ko da mara lafiya da ake hanzarin kaiwa asibitin Tahoua, ta wuce maganar asarar kuɗi. Ba a fafe gora ranar tafiya: duba sandar awo kowace safiya da ajiye galan na irin man da ke cikin injin su ne mafi ƙanƙantar abin da ya wajaba kan direban motar da ke hayaƙi.

Ga wanda ke turo kuɗi daga nesa

Wanda ke waje ba zai iya leƙa inji ba, amma wayar da ke hannunsa ta isa. Kafin ya tura kuɗin sauke inji, yana iya neman abubuwa biyar ta WhatsApp: bidiyon salansa lokacin tayarwar farko da safe, wani bidiyon bayan an yi tafiyar rabin awa ana taka totur, lissafin litar da aka ƙara a tafiyar da aka san nisanta, hoton fulogi a jere bisa tsarin silindarsu, da lambobin gwajin matsi na kowace silinda a rubuce.

Neman waɗannan ba rashin yarda da ɗan'uwa ko bakanike ba ne. Kanikawa da yawa na zaɓar sauke inji ne don gudun kada su canza roba hayaƙi ya dawo a ce ba su iya aiki ba. Idan mai mota ya nuna ya fahimci matakan, ya kuma amince a fara daga ƙarami, ya sauƙaƙa wa bakaniken ma. In gareji ba shi da agogon gwajin matsi, kuɗin kai motar inda ake da shi bai kai kuɗin buɗe injin da bai buƙaci buɗewa ba.

Idan kuma gwaji ya nuna ringi ne, ko silinda ta cinye, to a sauke injin da hujja a hannu, a canza robobin bawul a lokaci guda tunda an riga an buɗe. Bayan an gama, a nemi a ajiye tsofaffin kayan da aka cire, a kuma sake awon mai a kilomita 1,000 na farko a kwatanta da lissafin da aka rubuta kafin gyara.